Motar da Ba Ta Tashi Sai Ta Huce

Tun da na dawo daga Sabuwa ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa, da majalisarmu ta bakin kasuwar Ƙanƙara, har a ƙofar masallaci, kowa sai ya tare ni ya ce wai da gaske ne na kwana biyu a hanyar da mai babur ke zuwa ya dawo a yini guda? Wasu ma sun ji cewa Goggona ce ta tuƙa motar. Na gaji da maimaitawa, ga shi kowa na ƙara nasa gishirin, shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi, wanda ya sake tambaya in miƙa mashi takarda.

Motar tawa tsohuwa ce, 'yar Kwatano, bara na saye ta. Da safe ba ta da matsala, murɗa makulli ɗaya take tashi. Amma tun shigowar bazara ta tsiro da wani hali: in ta yi tafiyar rabin awa aka kashe ta, to shi ke nan. Kik zai yi ta juyawa, gir-gir-gir, injin ba zai kama ba, sai ta yi kamar awa guda ta huce. Ban gaya wa kowa ba, don daga gida zuwa makaranta kawai nake zuwa da ita, kafin a tashi ta yi sanyi.

Goggo kuwa, Hajiya Rabi, yayar mahaifina ce, tana zaune a Ƙetare. Ɗiyarta ta fari, Hadiza, ta shekara goma sha ɗaya da aure a Sabuwa babu ɗa rayayye, sai ga shi ta haifi namiji ranar wata Juma'a. Likita ya hana ta doguwar tafiya tun cikin na ƙarami, don haka ba ta zo gida goyon ciki ba, Goggo ce za ta je ta yi mata wankan jego. Ni na buɗe baki a gaban dangi na ce ba za a sa Goggo a motar haya ba ina da mota. Muka tsayar da Laraba, don ta samu kwana biyu ta shirya kafin suna.

Kunyar ɗan fari ta sa Goggo ba ta taɓa kiran sunan Hadiza ba. "Waccan ta Sabuwa" take cewa. Da na je ɗaukarta ma cewa ta yi ita ba don kowa za ta ba, yajin da ta daka ne ba ta so ya lalace.

Ina isa ƙofar gidanta hannuna ya yi abin da ya saba, na kashe mota. Sai da na ji shiru na tuna. Aka shiga loda kaya: buhun gero, ƙullin kanwa, yaji a manyan robobi, da wata tukunyar dafa ruwan wanka wadda babban mutum zai zauna a ciki ya miƙe ƙafa ɗaya. But bai rufu ba sai da aka ɗaure da igiya. Muna cikin haka maƙwabcinta Alhaji Mamman ya fito da butarsa da carbinsa ya buɗe gidan gaba ya zauna. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin a hanya, yanzu kunnuwansa sun yi nauyi ƙwarai, sai an ɗaga murya. Ya ce ba daidai ba ne a ɗauki dattijuwa a hau hanya babu wanda ya san inji.

Na murɗa makulli, ta ƙi. Alhaji ya fita, ya kwantar da kunnen da ba ya ji a kan bonet, ya sa na sake murɗawa, ya ɗago ya ce batir ne. Aka hura wuta a gidan Goggo aka dafa ruwa, ya wanke kan batir, ya goge da toka, ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Aikin ya ci kusan awa guda. Na murɗa, ta tashi. Alhaji ya dube ni ya ce in ba don ya biyo mu ba da yanzu muna ina.

A nan na fara gane abin da zai bi mu har ƙarshen tafiyar. Duk maganin da aka yi wa motar nan yana cin awa guda, don haka duk maganin da aka yi mata yana aiki.

Da muka ratsa ta Ƙanƙara muka ɗauki hanyar 'Yargoje, na ga gara in faɗi gaskiya. Na yi masu bayani da ƙarfi saboda Alhaji. Goggo ta ce ita ma haka take, in ranta ya ɓaci ba ta motsi sai ta huce, ba ta ga abin mamaki ba. Muka yi shawara cewa ba za a sake kashe mota ba har Sabuwa. Matsalar ita ce, in aka bar ta tsaye ba a taka totur, sai ta yi ta karkarwa ta mutu da kanta.

A 'Yargoje Alhaji ya tuna akwai ta'aziyyar da yake bin kansa, ta wani tsohon abokin tuƙinsa. Na tsaya a ƙofar gidan ƙafata a kan totur. Mutanen gidan suka ga babu kyau baƙo ya zauna a mota, suka kwaso tabarmarsu suka shimfiɗa a gefen taya. Haka aka yi addu'a, ni ina shafa fatiha ta taga, su suna shan hayaƙin salansa, Alhaji na amsa gaisuwar da ba a yi mashi ba.

Aka kira azahar. Nan ne maganar tuƙin Goggo ta samo asali. Ni da Alhaji za mu shiga masallaci, babu mai riƙe totur, sai na roƙe ta ta dawo kujerar direba. Na ja birkin hannu, na cire giya, na nuna mata inda za ta ɗora ƙafa, na ce a hankali. Ta cire takalmi, ta ce ba ta taka kayan mutane da ƙasa. Muna raka'a ta biyu na ji motar na ruri kamar injin niƙa. Liman ya ɗaga murya da kabbara, motar ta ɗaga tata. Muna zaman tahiya kuma sai ɗif. Da na fito na iske Goggo ta sauko ta durƙusa suna gaisawa da wata tsohuwa da suka yi makarantar allo tare. Ta ce ba za ta gaida sa'arta tana zaune a sama kamar matar gwamna ba.

Wani mai faci da ke gefen masallacin ya zo ya ce filogi ne. Ya kwance su duka huɗu, ya kankare da reza, ya gasa a wuta, ya hura, ya mayar. Alhaji na tsaye a kansa yana cewa batir ne. Awa guda ta cika, mota ta tashi, kowannensu ya tafi da gaskiyarsa.

Iyakar ƙasar Ƙanƙara da ta Faskari babu wani kogi ko dutse da zai nuna maka, sai shingen jami'an tsaro da buhunan yashi. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki a shekarun nan, ba mai jin haushin a tsayar da shi. Wanda ya tsayar da mu ya gaishe mu da ladabi, ya ce in kashe mota in buɗe but. Na ce but zan buɗe, amma kashewa ina neman alfarma. Ya tambayi dalili. Na ce in na kashe ba za mu iya tafiya ba. Ina faɗa na ji yadda maganar ta fita, kamar ta mai shirin gudu. Ya ja da baya taku ɗaya ya sake cewa in kashe. Na kashe.

Suka kwance igiya suka zagaye tukunyar Goggo suna kallo. Ɗaya ya tambaya ko mutum nawa za a dafa wa abinci. Goggo ta ce ruwan wankan mutum ɗaya ne, in matarsa ba ta samu irinsa ba ya je ya tambayi surukarsa dalili. Suka yi dariya suka ce mu wuce. Sai dai ba wucewa, ga mu a tsakiyar shingen, mun toshe masu zuwa da masu dawowa. Su da kansu suka rataya bindigogi suka tura mu, na sa giya ta biyu na saki kuloci, ta yi tsalle biyu ta tsaya. Suka turo mu baya, suka sake turawa gaba. Babbansu ya ce famfon mai ne, ya taɓa yin mota mai irin halin. Ya kwanta a ƙasa da kakinsa yana dukan tanki da sanda, ni ina murɗa makulli. Goggo kuma ta zauna a inuwar buhunan yashi tana rarraba masu yaji a takarda, tana gaya wa ɗaya abin da zai shafa wa ƙurajen zafin da ke wuyansa.

Da ta tashi la'asar ta gota. Babban ya leƙo ta taga, dariyar ta bar fuskarsa, ya ce kada mu wuce Ruwan Godiya yau, ko da motar na tashi sama.

A Ruwan Godiya ba mu san kowa ba, amma ba mu yi minti biyar a tsaye ba wani manomi, Malam Garba, ya ce gidansa za mu sauka. Aka shiga da Goggo wurin iyali, mu aka share mana zaure. Aka kawo tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa. Mu a gida mun fi sabawa da na dawa, mai nauyi, wanda in ka ci da dare kana jin sa har hantsi. Nasu fari tas, sulɓi, ka cinye malmala uku kana tambayar kanka ko ka fara. Abin da na lura da shi kuma, ana sallame magariba gari ya yi tsit, kowa ya tura awakinsa ciki ya sa sakata, har da jakin gidan a cikin soro na biyu ya kwana, yana jin numfashinmu muna jin nasa.

Malam Garba ya saurari labarin motar da kyau, ya ce shi bai yi karatun inji ba, amma abin da ke lafiya da sanyi ciwonsa ya tashi da rana, ai an san aikin iskoki ne. Da gari ya waye ya zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa wasu saiwoyi da busasshen barkono, ya sa a cikin motar ya rufe gilasai. Bayan an buɗe na murɗa makulli, ta tashi nan take, kamar yadda take yi kowace safiya. Ya yi hamdala. Godiya kawai na yi mashi, mutumin da ya ciyar da mu ya ba mu wurin kwana. Amma da za mu tafi ya matso kusa da ni ya ce a hankali, ko da yake an kori abin, ba laifi in biya Faskari wurin wani Malam Lawal mai gyaran wayarin mota, don wani lokaci sukan bar ɓarna a bayansu. Atishawa muka yi ta yi har Sheme, Goggo na share hawaye tana cewa ko kunun jego ba a sa wa barkono haka.

Na kira Malam Nura, mijin Hadiza, na ce muna tafe, ƙaramin gyara ne. Ranar Alhamis ke nan.

Garejin Malam Lawal gindin wata bishiyar mangwaro ne a bayan tasha. Ba mu iske shi ba, ya tafi jana'iza. Kafin ya dawo mota ta huce sarai. Dogon mutum ne marar yawan magana, da ɗan gemu, da sukundireba a aljihun gaba inda wasu ke sa biro. Ya murɗa makulli ta tashi. Ya kashe, ya sake, ta tashi. Sau biyar. Ya miƙo mani makullin ya ce shi ba ya gyaran mai lafiya, in je in kawo ta tana ciwon.

Haka muka shiga zagaye garin Faskari don mota ta yi rashin lafiya. Goggo ta ƙi sauka saboda tukunyarta, Alhaji ya ƙi sauka saboda shi ne mai kula da inji. Daga tasha mu bi ta kasuwa, mu zagayo ta bayan makarantar firamare, mu dawo tasha. Akwai wani mai shayi a kan kwana da ya ɗaga mana hannu a zagaye na farko, ya ce sannunku da zuwa. A na biyu ya ce a sauka lafiya. A na uku ya miƙe tsaye. A na biyar ya tare hanya ya tambaya, don Allah gidan wa muke nema, shi haifaffen garin ne.

Da muka koma na kashe, na murɗa, ta ƙi. Ban taɓa jin daɗin lalacewar abu kamar ranar ba.

Malam Lawal ne mutum na farko a tafiyar nan da ya yi tambaya kafin ya ba da amsa. Ya tambaye ni tun yaushe, da ko tana mutuwa a kan tafiya ko sai an kashe, da ko allurar zafi na hawa sama. Ya ce tunda kik na juyawa da ƙarfi haka, a bar maganar batir. Na ji daɗi Alhaji bai ji ba. Ya sa na buɗe makulli ba tare da na tayar ba, ya kai kunne bakin tanki, ya ce famfo na kuka, ya sassauta wani tiyo mai ya feso. Mai na zuwa ke nan. Ya zare wayar filogi ɗaya ya kusantar da ita jikin inji ya ce in murɗa. Babu ko ƙyas ɗin wuta.

"To ga inda ciwon yake," in ji shi. "Tana samun abinci, wuta ce ba ta samu. Saura mu san wanda ke hanawa."

Ya jiƙa tsumma ya lulluɓe kwayil, wanda ke aika wa filogi wuta, muka jira kaɗan, ta ƙi. Sai ya karɓi ledar ruwan sanyi guda, ya huda da haƙori, ya zura hannu can ƙasan inji ya tsiyaya a kan wani ɗan baƙin abu da bai fi babban yatsa ba. Ya ce in murɗa. Ta tashi, alhali bonet ɗin ba ya taɓuwa don zafi. Ya ce sunansa sansa, aikinsa ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji na juyawa, a saki wuta. Ya tsufa, in ya ji zafi sai ya yi shiru, ita kuma ƙwaƙwalwar ta zauna jiran labari.

Na ce to mu sayi ruwan sanyi mu kama hanya. Ya girgiza kai. Ya ce abin ya kusa mutuwa gaba ɗaya, yau ruwa ya tashe shi, gobe yana iya ɗaukewa muna tsakiyar daji, kuma shi ba zai sallami tsohuwa a kan haka ba. Sabo sai Funtua, wanda ke da shi kuma ya ce sai gobe da hantsi zai buɗe shago. Amma akwai matacciyar mota irin tawa a bayan gidan wata Hajiya Abu, ta marigayi mijinta ce, ta shekara uku a kan duwatsu.

Hajiya Abu ta karɓe mu da fara'a, ta ce a ciri duk abin da ake so, motar ba ta da amfani. Malam Lawal ya ɗaga bonet, sai ga kaza kwance a kan ƙwai, daidai saman inda zai sa hannu. Ta buɗe fukafukai ta yi mana wani irin gurnani. Hajiya Abu ta ce af, ta manta, wannan kam ba za a taɓa ta ba, saura kwana biyu ta ƙyanƙyashe, in aka ɗaga ta yanzu ta fasa kwanciya. Mu dawo ranar Asabar.

Muna tsaye muna ta magana, ni ina roƙo, Alhaji na ba da labarin wata kaza da ta taɓa bin sa har Legas a ƙarƙashin kujera, sai na waiga ban ga Goggo ba. Na fita titi. Can na hango ta ta ɗora robar yaji ɗaya a ka, ta riƙe takalmanta a hannu, tana tafiya a gefen kwalta ta nufi hanyar fita gari. Matar da ta haura sittin, ga rana tsaka. Na bi ta da gudu na sha gabanta, na ce Goggo ina za ki. Ta ce Sabuwa. Na ce da ƙafa ko jibi ba za ta kai ba. Ta ce to ta kai gata.

Na kama robar, ta riƙe. Ba ta dube ni ba, hanya take kallo.

"Sada, sau huɗu ana aiko mani daga Sabuwa," in ji ta. "Sau huɗu ina zuwa in iske an riga an rufe. Ban taɓa ɗaukar ko ɗaya da ɗuminsa ba. Wanga yau kwanansa shida yana numfashi, ni kau ina zagaye kasuwar Faskari."

Duk tafiyar nan ina ganin abin dariya ne, ina tunanin yadda zan ba da labari a majalisa. Na tuna ni na ɓoye halin motar don kada a ce ta Malam Sada ba ta da lafiya. Na durƙusa a gefen titi na ce ta yafe mani. Ta ce in tashi mutane na kallo.

Ashe Hajiya Abu ta biyo mu da mayafinta a hannu, ta ji komai. Ta karɓi robar daga kan Goggo ta ɗora a nata, ta kama hannunta suka juya. Da muka koma ta ce wa Malam Lawal kaza dai ba za a ɗaga ta ba, amma ba ta hana a bi ta ƙasa ba. Ya dubi motar, ya dubi kazar, ya cire hularsa ya ba ni riƙo, ya shige ƙarƙashi a rigingine. Ita kuma Hajiya Abu ta tsaya a kan kazar tana shafa bayanta tana lallashinta kamar jaririya. Duk da haka duk sanda hannunsa ya ɓullo ta tsakanin ƙarafa sai kazar ta kai mashi sara. Muna jin sa daga ƙasa yana salati a hankali. Ya fito da abin a tafinsa, bayan hannun duk jini, ya ce ya yi aiki a ƙarƙashin tirela bai sha irin wannan ba.

Ya ɗaura, muka sake zagaye gari don gwaji. Mai shayi bai ko ɗago kai ba. Muka dawo aka kashe, aka murɗa, ta tashi. Aka sake, ta tashi. Na sallami Malam Lawal na yi mashi godiya. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce aikinsa ya yi kyau, amma ya riƙa duba batir.

La'asar ta riga ta wuce, babu halin kama hanya. Hajiya Abu ta ce gidanta za mu kwana. Ta yi mana dambun masara da zogale, ya sha ƙuli da mai, irin wanda a wurinmu sai an yi baƙo na musamman. Na ji su da Goggo ta bayan katanga suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Na sake kiran Malam Nura na gaya mashi gaskiya duka. Ya ce zai roƙi liman a jinkirta raɗin suna zuwa hantsi, amma ba zai iya riƙe mutane fiye da haka ba, ranar Juma'a ce.

Rana na fitowa muka tashi. Muka bi ta Funtua muka karya Dandume, don ita ce hanyar da aka ce mu bi. Ƙasar can ta fi tamu damshi, ko a bazara fadamunsu kore ne, ga rake ga mangwaro a bakin hanya har ana tallarsu da kwando. Ban tsaya ba. Alhaji ya nuna gidaje biyu da yake da gaisuwa a ciki, na yi kamar ni ne kurman. Goggo kuwa tun daga Faskari carbi kawai take ja.

Mun shiga Sabuwa rana ta ɗaga. Ƙofar gidan Malam Nura cike da mutane a kan tabarmi, an raba goro da dabino, wasu har sun fara duba agogo. Ban gama tsayawa ba Goggo ta buɗe ƙofa ta sauka, ta ratsa maza ko gaisuwa babu, ta shige. Ni kuwa na kasa kashe motar. Na san an gyara, na gani da idona, amma hannuna ya ƙi. Na zauna ƙafata a kan totur. Liman ya fara addu'a, ya tsaya, ya aiko a ce wa baƙon Ƙanƙara ya taimaka ya kashe, ba a jin komai. Na kashe. A cikin shirun nan aka faɗi sunan yaro, Abdullahi, aka shafa.

Ana gamawa aka ce in gyara fakin, na tsaya a inda za a yanka rago. Ashe Alhaji ya riga ya ba rabin taron labarinmu, da irin muryarsa. Kafin in zauna mutum wajen goma sun naɗe hannun riga sun jeru a bayan mota, har da wani dattijo mai rawani. Na murɗa, ta tashi tun kafin in saki makulli. Suka tsaya cirko-cirko da hannuwa a kan but. Dattijon ya ce tunda an riga an taru, a tura ɗin dai, suka raka ni har gindin bishiya.

Sai bayan an sauko daga Juma'a aka ce in shiga in ga jariri. Na iske an riga an girka tukunyar a tsakar gida, wuta na ci. Hadiza na zaune a bakin gado, ta rame amma tana murmushi, ta ce ta ji an ce na zo da mota a ka. Goggo na ƙasa a kan tabarma, ta juya wa ɗiyarta baya, yaron na kwance a cinyarta, ta sa tafin hannunta ɗaya a kan ƙirjinsa tana jin yadda yake hawa da sauka. Ta ce ɗakin ba a share shi da kyau ba, kuma wannan mijin nata da aka haifa mata ba shi da ko hanci. Hadiza ta ce mani a hankali, tun da ta karɓe shi da safe ba ta ba kowa ba, ko da za ta yi salla sai da aka yi da gaske.

Washegari da za mu koma ni da Alhaji, na leƙa in yi sallama. Na ce in an yi arba'in zan nemo mata mota mai lafiya, ta wani abokina, in zo in ɗauke ta. Ba ta ɗago daga kan yaron ba.

"Kada ka zo mani da wata," in ji ta. "Wagga na riga na san halinta."